Muryar Baba a Gindin Taga

Duk wanda ya zauna a layin su Malam Dalhatu a Zawaciki ya san wani abu game da shi wanda shi kansa bai sani ba: in yana addu'a a zuci, maƙwabta suna ji.

Ba laifinsa ba ne. Ƙuruciyarsa kaf a ɗakin saƙa na wata masaƙa a Bompai ya ƙarar da ita, cikin injinan da ba sa hutawa, inda ma'aikata ba sa magana sai da hannu da leɓe. Da masaƙar ta rufe, wasu suka fito da ciwon ƙirji, wasu da ciwon baya, shi kuwa kunnuwansa ya baro a can. In an fuskance shi an yi magana a hankali yana ganewa, don tun a wurin aiki ya iya karatun leɓe. Tasa muryar ce ya daina sanin inda take tsayawa. Sai ya shimfiɗa buzu a tsakar gida, ya ɗauki carbi, ya sunkuyar da kai, a ganinsa daga shi sai Ubangijinsa, alhali har mai wanke-wanke a gidan baya tana biye da shi.

Ba wanda ya taɓa gaya masa. Matarsa, Inna Maimuna, ita ta kafa dokar tun farko, ta ce mutumin da ya rasa aiki ya rasa kunne, kada a raba shi da ɗan asirin da yake zaton ya rage masa. Maƙwabta ma suka bi, suka iya bakinsu. 'Yarsa Zuwaira da wannan muryar ta girma. Ta ji ya roƙa wa yayyenta da ke Fatakwal tsari, ta ji ya kai ƙarar gwiwarsa, ta ji wasu abubuwan kuma da sai ta tura fuska cikin filo. Sunan mahaifiyarsa ta ci, don haka ko a addu'a ba ya ce mata komai sai "uwata."

Zuwaira ce ke riƙe da gidan. Tana aiki a wani kamfanin roba a Sharada, masu buga bokitai da butoci da kujeru. An ɗauke ta ne ta riƙa shigar da kayan sito a kwamfuta, amma da yake hannunta ba ya zama wuri ɗaya, sai ta zama ita ake kira in firinta ta yi gardama ko intanet ta ɗauke. Ana nan sai masu kamfanin suka ce sun gaji da tsohuwar kwamfutar ofis mai mutuwa duk sanda aka kawo wuta da ƙarfi. Za su mai da bayanansu kilawud, wato su yi hayar wuri a manyan kwamfutocin wasu a wata ƙasa, ana shiga ta intanet. Manaja bai ɓoye mata komai ba. Ya ce aikin sai mai satifiket. Kamfani zai biya mata jarrabawar sau ɗaya. In ta ci kujerar tata ce, in ba ta ci ba za a ba wasu 'yan kwangila, kuma ofishin ba zai ɗauki su da ita ba.

Ta yi karatu kamar za ta haɗiye wayarta. A cikin adaidaita daga Zawaciki zuwa Sharada, a lokacin cin abinci, a bakin murhu tana taya Inna tuƙa tuwo. Karatun bai ba ta tsoro ba. Dokokin jarrabawar ne suka hana ta sukuni. A gida ake yi, amma wani yana can wata duniya yana kallon mutum ta kyamara, yana sauraren ɗakin. Ba a tashi, ba a waiwaye, ba a magana. Kada kowa ya shigo, kada a ji muryar kowa. Wanda ya rubuta waɗannan dokoki, ko shakka babu, bai taɓa kwana a gidan Bahaushe ba.

Da ta yi wa Baba bayani, sai ya ɗauki abin ya aza a kansa. Ana gobe jarrabawa ya zura riga ya bi layi gida-gida. Ya roƙi mai injin markaɗe ya huta da hantsi, ya roƙi mai walda, ya kai zakaransu gidan wata ƙanwarsa ya kwana. Yana tsaye a tsakiyar layi yana cewa, "Don Allah jama'a gobe a yi mana shiru, uwata za ta yi jarrabawa da Turawa," muryar nan tana dukan katanga tana dawowa. Mutane suna cewa to Malam, Allah ya ba da sa'a, suna cije dariya. Zuwaira tana leƙe ta ƙofar zaure, son mahaifinta ya cika mata ƙirji, tsoro kuma yana binsa a baya.

Ta koma madafi ta sami Inna. "Inna, duk hayaniyar layin nan ya kashe, saura tasa. Yaya za mu yi?"

"Na riga ki," in ji Inna tana kwashe tuwo. "Na aika wa Malam Ado. Akwai ɗaurin aure a Panshekara gobe, 'yar wani abokin aikinsu ce. Zai zo ya ɗauke shi tun da safe, ba za su dawo ba sai kin gama."

Malam Ado tare suka yi masaƙa, kunnensa ɗaya ne ya tsira. Da safe kuwa sai ga shi da babur. Baba ya yi ta noƙewa, yana cewa yaya za a yi ya tafi cin shinkafar biki uwata tana filin daga. Inna ta miƙa masa hula, Zuwaira ta tsaya gabansa ta ce addu'a daga ko'ina tana zuwa. Da ƙyar ya hau, yana waiwaye har suka sha kwana.

Ɗakinta ya zama kamar na wanda zai tashi daga haya. Ta cire kalanda, ta kwashe littattafai ta kai ɗakin Inna, ta lulluɓe madubi da zani. Batirin sola a cike, waya a gefe tana ba kwamfuta intanet. Tagar ɗakin tsakar gida take kallo, ta rufe ta, sai dai katakon ya daɗe da bankarewa, ba abin da yake tarewa sai rana. Inna ta ɗauki kujera 'yar tsugunno ta tare zaure saboda masu sallama.

Mai sa idon mace ce, ba a ganinta, sai rubutunta da Turanci a wani ɗan akwati a gefen allo. Ta sa Zuwaira ta nuna katin shaida, ta zagaya da kyamara lungu-lungu, har ƙarƙashin tebur da gado. Ta ce ta ɗaga hijabi ta nuna kunnuwanta, ta nuna. Sannan tambayoyi suka buɗe, agogo ya fara ja da baya a saman allo.

Farkon abin ya zo da sauƙi. Kamfani yana so in ma'ajiyarsa ta wannan gari ta mutu ta wancan ta ci gaba, wace hanya ce ta fi? Ma'aikaci yana buƙatar ganin fayil amma kada ya iya gogewa, wane izini za a ba shi? Duk ta san su. Layin ya yi tsit irin wanda ba ta taɓa ji ba, ko kaza ba ta yi kuka ba. Kafaɗunta suka sauka, har ta fara jin daɗin abin.

Ta kusa rabi ta ji an ja buzu a ƙasa, daidai gindin tagarta. Aka yi gyaran murya. Ta san wannan gyaran muryar, na Baba ne.

"Bismillahi. Ya Allah, ga ni na dawo, ka san ba zan iya zama a can ba. Ya Allah ka buɗe wa uwata ƙwaƙwalwa. Abin da ta karanta ka kawo mata shi, wanda ba ta karanta ba ka ɓatar da shi a hanya."

Ashe a Panshekara ya sulale wa Malam Ado, ya hau adaidaita ya juyo. Ya lallaɓo ya wuce sanda Inna ta ɗan leƙa madafi, da takalmi a hannu, don kada ya yi motsi.

Ɗan akwatin ya yi ƙyalli. "Ina jin muryar namiji kusa da ke. Akwai wani a ɗakin?"

Ta rubuta cewa ba kowa, mahaifinta ne a waje, addu'a yake mata, ba ya ji, bai san muryarsa tana fita ba.

Da amsar ta zo, babu faɗa a ciki. "Na fahimta, kuma ki yi haƙuri. Amma ba na jin harshen da yake yi, ba ni da hanyar tabbatar da cewa ba amsa yake ba ki ba. Dole muryar ta tsaya."

Ta ji takun Inna da sauri. Ba ta ganinsu, amma ta san yadda abin yake: Inna ta durƙusa gabansa, tana nuna ɗaki, tana nuna baki alamar abinci, tana jan hannun rigarsa.

"Na ƙoshi," in ji Baba, taga har tana amsawa. "Ba inda za ni, Maimuna. Ki bar ni kusa da ita. Ai shiru nake, me na tare mata?"

Inna ta sake gwada wata dabarar, don Zuwaira ta ji ya ce, "Ado? Ya jira. Ko gwamna ne ya jira." Ya koma kan addu'arsa, wannan karon har da sunan manaja a ciki, Allah ya sanyaya masa zuciya.

Zuwaira tana kallon tambayar da ke gabanta, haruffan sun ƙi haɗuwa. Agogo bai tsaya ba. Ta tuna maganin hawan jinin Inna, ta tuna kwanon rufin da ke yoyo, ta tuna ranar da Baba ya dawo daga Bompai da kwanon abincinsa bai buɗe ba. Ta kuma tuna shekarun da gidan nan da layin nan suka yi suna rufa wa dattijo ɗaya asiri. Ta ji haushin matar da ba ta gani, duk da ta san gaskiyarta ce. Ta ji haushin kanta da ba ta nemi ɗaki a wani wuri ba.

Rubutu ya sake fitowa. "Wannan ne gargaɗi na ƙarshe. Na ba ki dama ki yi magana sau ɗaya daga inda kike, ba tare da kin tashi ba, ki ce ya yi shiru. In muryar ta ci gaba zan rufe jarrabawar."

Wai ta ce masa ya yi shiru. Ko da lasifikar masallaci ta faɗa ba zai ji ba. Magana ɗaya gare ta, kuma mutum ɗaya ce za ta ji ta. Idonta a kan kyamara kamar yadda doka ta ce, ta ɗaga murya.

"Inna, ki gaya masa gaskiya."

Addu'ar ta ci gaba kaɗan, sannan ta yanke a tsakiyar kalma. Ta ji ya ce, "Iye?" Can kuma, "Wa? Ni?" Daga nan ba ta sake jin komai ba sai ƙarar carbi da ya faɗi a siminti, da takun mutum yana tafiya a hankali.

"Na gode, kina iya ci gaba," in ji mai sa ido.

Ta samu shirun da take nema, ya kuma yi mata nauyi fiye da muryar. Hawaye na zuba, ba damar ta sunkuya ta share, don an hana kau da fuska. Haka ta bar su suna gangara cikin hijabi tana danna amsa. Tambayoyin ƙarshe ta yi su ne da taurin kai kawai, tana ce wa ranta tunda an riga an yi ɓarnar, wallahi ba za ta tashi a banza ba. Ta koma kan waɗanda ta tsallake, ta gyara biyu, ta miƙa. Allon ya yi fari, ya juya, ya juya, sannan ya rubuta cewa ta ci. Ta zauna tana kallon kalmar, ba ta ji komai ba. Kafin a rufe akwatin mai sa idon ta ƙara layi ɗaya: "Ki gaishe da mahaifinki."

Da ta fito, buzun yana nan gindin taga, carbin a gefensa. Can bakin layi injin markaɗe bai tashi ba, yana jiran a ce an gama. Inna tana zaune a ƙofar madafi, idanu jawur. Zuwaira ta gyaɗa mata kai, Inna ta ɗaga hannu sama ta shafa, amma ba ta yi guɗar da ta yi alkawari ba. Da haɓa ta nuna ɗakin Baba.

Ƙofar a rufe take, da tsakar rana, cikin wannan zafi. Zuwaira ta tura ta shiga da sallamar da ta san ba za a ji ba. Yana zaune a bakin gado da rigar ɗaurin auren a jikinsa, ya dafe maƙogwaronsa da tafin hannu. Ta durƙusa a gabansa inda haske zai sami fuskarta.

Leɓensa ya motsa, ba abin da ya fito. Ta matso. Ya sake, sai iska. A rayuwarta ba ta taɓa cewa mahaifinta ya ƙara murya ba sai yau.

"Baba, ban ji ba. Ku ɗan ɗaga."

Ya danna hannun a wuyansa, yana lalubo muryar da yatsu. "Kin ci?"

"Na ci, Baba."

Ya rufe ido, leɓensa ya yi hamdala ba sauti. Da ya buɗe, ba ita yake kallo ba, ƙasa yake kallo, sai da ta taɓa gwiwarsa.

"Na kusa kashe miki aiki."

"Ba ku kashe ba."

"Tun yaushe?"

Ta so ta ce kwanan nan ne. Ƙaryar tana bakinta, mai laushi, irin wadda suka saba. Amma ta ga idonsa a kan leɓenta, yana jira kamar mai jiran hukunci, ta ga an yi masa ta isa haka. "Tun ina sakandare."

"Maƙwabta fa?"

Ta gyaɗa kai.

Ya yi wata 'yar dariya marar daɗi. "Shi ya sa matar Mustapha ta aiko min da man zafi. Na yi ta mamaki wa ya gaya mata gwiwata." Hannun ya koma wuya. Tana ganin yadda yake bin shekarun ɗaya bayan ɗaya, yana tuno abin da ya faɗa, kunya tana hawa fuskarsa. Tausayinsa ya kama ta har ta ji da ma faɗuwa ta yi.

"Uwata."

"Na'am, Baba."

"Har wadda nake yi bayan asuba?"

Ta san wadda yake nufi. Tun da yayyenta suka yi nisa albashinta ya zama shi ne gidan, ba ya tashi daga sallar asuba sai ya faɗe ta: Ya Allah, yarinyar nan ta ɗauki kayan da ya fi ƙarfinta, ka sauke mata, ko da ni ne kayan.

"Har ita."

Ya rufe fuska da hannu biyu. Kafaɗunsa suka fara rawa. Ta bar shi kaɗan, sannan ta kama hannuwan ta janye su, abin da ba ta taɓa yi ba, don in bai kalle ta ba ba zai ji ta ba.

"Kuna ji, kuka bar ni ina ta faɗa," ya ce. "Ba wanda ya hana ni."

"Wa ya ce ba ma hanawa?" Ta yi maganar a hankali, kalma-kalma, yadda ba ɗaya da za ta kuɓuce masa. "Kullum kuna faɗa, ni daga ɗakina, Inna daga madafi, muna cewa ba amin ba. Ku ɗaya ne, Baba. Mu biyu ne."

Ya tsura wa bakinta ido, hawaye na bin gemunsa. Ya ce ta maimaita, wai bai gane ba.

Ya gane sarai. Ta maimaita masa.